Layin da Na Ja a Wuyan Jakin Balki

Uwani, ɗiyata,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta iske ki kin sauka Zariya lafiya, hanyar Gusau ba ta nuna muku komai ba sai gonaki da shanu. Na san a daidai lokacin da kike karantawa Innarki tana nan zaune da carbi a hannu, kunnenta yana kan waya, don haka in ba ki kira ta ba, ajiye takardar ki kira ta tukuna. Ni na sa ta cusa miki ita ƙarƙashin ƙullin dakuwa, domin na san halinki: littattafai sa iya yin mako a jaka ba ki taɓa ba, amma dakuwa ba ta kwana.

Amsa kike jira a wurina, na sani. Tun farkon damina Innarki ta same ni a zaure bayan yara sun tashi daga karatu, ta ce, "Malam, ɗiyar ga ta ce in hwaɗa maka. Masu buga littattahwan yara can Zariya sun ga zanenta na dabbobi, suna son ta riƙa yi musu in ta tahi karatu. Amma ta ce in ba ka yarda ba, ta aje alƙalamin ke nan, ta yi karatun malanta ɗai, ba ta ƙara zana ko kaza." Na ce mata na ji. Daga "na ji" ɗin nan ban ƙara cewa uffan ba har gero ya nuna. Kullum kika kawo mini ruwan alwala ina ganin tambayar a idonki, ni kuwa sai in tsura wa buta ido kamar ranar na fara ganinta. Ba raini ba ne, ɗiyata. Tsoro ne, kuma zan gaya miki na mene ne.

Amsar tana cikin takardar nan, amma kada ki tsallaka ƙarshe ki leƙa. Ki bi ni a hankali. Tsoho in zai ba ka goro sai ka fara jin labarin Gwanja.

Kin tuna labarin bushiya da zabuwa? Ni na ƙirƙire shi, yau na faɗa miki gaskiya, ba daga kakarki mai sunanki na ji shi ba kamar yadda nake cewa. Zabuwa ta tsamo bushiya daga rami, rannan da muzuru ya biyo ƙwan zabuwa sai bushiya ta dunƙule a bakin sheƙa, muzuru ya kai baki ya sha ƙaya. Duk labarin da nake ba ku haka yake ƙarewa: wanda ya taimaka, kafin a tashi daga tabarma an biya shi. Sai in ɗaga yatsa in ce, "Kun gani? Alheri danƙo ne." To, wata rana kina 'yar mitsitsiya kika iske bushiya ta faɗa tsohuwar kwatarniya a bayan rumbu, ta kasa fita. Kika sa zanen ɗaurawarki kika ɗauko ta, ƙaya ta sossoke miki hannu, kika sake ta a gindin darni. Daga ranar kullum da safe sai ki je wurin ki tsuguna. Da abin ya ishe ki kika zo kika tsaya a gabana, ga ɗalibai cike da zaure, kika ce, "Baba, bushiyar ga ba ta dawo ba. Ko ta mance gidanmu?" Yara suka fashe da dariya, ni ma na yi. Da na dubi fuskarki na ga ke ba wasa kike ba, kin yi alheri kina jiran kaya, kuma ni na koya miki jiran.

Saboda haka in kin zauna tsara labari, kada kowane shafi ya zama kasuwa, a ba ka a karɓa. Ki bar wata dabba ta taimaki wata, waccan ta yi gaba ko waiwaye babu, mai taimakon kuma ta koma kiwonta ranta fari. Yaran da za su karanta za su girma su yi wa mutane alheri a manta da su, gara su saba tun a takarda. Ke ma can inda kika je za ki ba wata aron guga ko littafi ta wuce ki gobe ba gaisuwa. Kada ki tsuguna a gindin darni kina jiranta. Kuma don Allah ki rage ɗaga yatsa irin nawa a ƙarshen labari, yaro ba wawa ba ne, in ya ga hoton ya gane.

Na ga zanenki na carki a bayan saniya. Innarki ta nuna mini ranar da kika tafi biki Bukkuyum, kada ki yi mata faɗa, ni na matsa. Ya yi kyau ƙwarai, har jan bakin kin kawo. Kin yi su abokai, kuma abokan ne, yana cire mata kaska. Amma ki tambayi duk mai kiwo a Gwashi, zai gaya miki in carki ya samu gyambo a bayan saniya ba ya bari ya warke, nan yake zama yana tsattsaga. Na yi aboki irinsa lokacin da nake karatu a Gummi. Shi ne mai ba ni magani in na yi zazzaɓi, shi ne kuma mai tuna mini kowace baƙar magana da wani ya taɓa gaya mini, har na ɓata da mutanen da ba su cancanci in ɓata da su ba. Na daɗe ina ce masa masoyi. In kin yi ƙawa, ki lura ko damuwarki tana raguwa in kun rabu da yamma, ko ƙaruwa take. Ban ce ki gyara zanen ba, yara ƙanana ne, a bar su da carkin kirki. Ke nake gaya wa.

Yanzu bari in zo kan turmi, wanda kike jin Innarki tana yi mini gori da shi ba ki san tushen maganar ba. Shekarun da aka fara dakan dutsen zinariya a cikin gidaje a Dareta, goggonki Asabe, ƙanwata, ta aiko cewa turminta ya tsage, ga aiki ya yi musu yawa. Innarki ba ta nan, ta je unguwa. Ni kuwa mai son a ce Malam akwai zumunci, na sa aka ɗora babban turmin gidanmu a kan jaki aka kai mata, ban tambayi kowa ba, ban ma tambayi me za a daka a ciki ba. Bayan wani lokaci aka dawo da shi, cikinsa duk ya farfashe, wata ƙura mai toka-toka ta shige kowace kafa. Innarki ta leƙa, ta sa yatsa, ta ce, "Wanga turmi ya gama aiki gidan ga. Ka ba da shi ba ka shawarce ni ba, to ka samo wani. Ba ni ba ɗiyana tuwo da tsakuwa." Ba wani sani ta yi ba, haushina take ji. Na yi faɗa, na ce almubazzaranci ne, a wanke a ci gaba da daka. Ta ƙi. Muka yi kwanaki tana aron turmin maƙwabta, ni ina cin tuwo ina hura hanci.

Sauran kin sani. Yara suka fara suma a Dareta da Abare, ana ta kai ƙanana makwanci, mu malamai muna ta rubutu muna tofi, muna zaton iska ce. Sai da likitoci suka zo aka gane gubar dalma ce a cikin ƙurar dutsen nan. Ranar da na ji haka na zagaya bayan gida inda aka jefar da turmin, na tsaya ina kallonsa. Da Innarki ta bi maganata, da a ciki za a daka furarki. Kuma turmin da na aika da sunan taimako, a tsakar gidan Asabe aka yi ta daka guba da shi, 'yarta Balki tana wasa a gefe. Na san ko ban ba da ba za su samo wani. Sanin haka bai taɓa sanyaya mini zuciya ba.

Abin da nake so ki ɗauka shi ne, taimako yana son ido da tambaya. Kyakkyawar niyya ita kaɗai ba ta isa ba. A littattafanki, kafin raƙumi ya durƙusa ya ɗauki kunkuru, ki sa ya tambaye shi ina za shi, kuma ko yana son a ɗauke shi. Ke ma in wani ya zo da buƙata, ki tambaya me za a yi da abin, ki shawarci wanda abin ya shafa. Matambayi ba ya ɓata, ni da nake koya wa yara wannan karin maganar ni na fara mance ta.

To, ga abin da ya kawo mu. Balki ta rayu, Allah ya yi da sauran kwananta. Da aka sallame su daga wurin magani a nan Anka, ita da uwarta suka zauna gidanmu wajen wata biyu. Yarinyar da a da ba ta rufe baki ta dawo shiru, ido kawai, ko sunanta aka kira sai ta daɗe kafin ta juyo. Wata ma'aikaciyar jinya ta ba ta ɗan littafi mai hotuna, rubutun da ke ciki na Turawa ne, babu mai iya karantawa a gidan, kuma ba a buƙata. Jaki ne ya iske kaza mai karyayyar ƙafa a bakin gulbi, ya goya ta ya haye da ita. A hanya suka haɗu da wata dabba mai gashi wadda duk gidan aka rasa sunanta, Innarki ta ce kura ce ta samu wurin ci. Ke kike buɗe mata shafukan kina ƙirƙiro abin da suke cewa. Ita kuma in an zo kan jakin sai ta ɗora tafin hannunta a kansa tana shafawa. Abin da kawai take yi da son ranta ke nan.

Ni kuwa abin yana ci mini rai. Hoton mai rai a gidan malami, a ɗakin da ake salla. Mun taso muna jin cewa in aka ja layi a wuyan hoto, an raba kai da gangar jiki, ya tashi daga siffar mai rai, shi ke nan babu laifi. Rannan da hantsi kun tafi ɗiban ruwa, na ɗauki littafin da biro, na bi shafi-shafi. Jaki, layi. Kaza, layi. Kurar Innarki ma ban bar ta ba. Har da wasu 'yan tsuntsaye a saman itace da sai ka ƙura ido za ka gan su, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na mayar da littafin inda yake ina jin na yi gyara, kowa ya huta: yara sun samu hotonsu, ni na samu natsuwa.

Da kuka dawo kika buɗe, sai na ji ihu daga tsakar gida. "Inna! Inna! Baba ya yanke su duka! Ko bisimilla bai yi ba!" Goggonki ta toshe baki da gyale don kada ta yi dariya a gabana. Ni ma na so in yi, sai idona ya faɗa kan Balki. Ta kalli jakin, ta kalli layin, ta ɗaga hannu kamar za ta shafa, ta mayar da shi cinyarta. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi. Daga ranar ko kin buɗe mata littafin sai ta juya fuska bango.

Ban ba ta haƙuri ba, ban ba ki ba. Ina malami, ina uba, ina zan fara? Bayan kwana biyu na zagaya bayan rumbu na iske ku. Kin samo gawayi a murhu, kin zana jaki a jikin katanga, kunne ɗaya ya fi ɗaya, ƙafafu kamar na kujera, da wani dunƙule a bayansa wai kaza. Balki tana tsaye ta manna hannu a jikinsa, tafinta baƙi ƙirin. Kina ce mata, "Wanga ba a yanka shi, na ɓoye shi." Na koma da baya a hankali don kada ku gan ni. Wanda ake ɓoye wa jakin ni ne, kuma na sani. Can zanenki ya fara, ɗiyata, in ba ki tuna ba. Kin fara shi ne don ki gyara ɓarnar da ubanki ya yi.

Darasin wannan ba sai na ɗaga yatsa ba. Abin da ke hannun yaro, ko kara ne, kada ki gyara masa shi a bayan idonsa. In kin zama malama za ki riƙe jan biro, ki tuna da ni kafin ki ja layi a kan abin da yaro ya ɓata yini yana yi.

Sai dai kada ki ɗauka tsorona na banza ne. Da maganarki ta fito, na kai ta wurin baffanki Malam Sani, tun da shi ne babba. Ya saurara har na gama, ya ce, "Kai da ka karantad da ɗiyan mutane, kai za ka bar ɗiyarka ta zauna tana zana abin da ad da rai? Gobe ƙiyama in anka ce ta hura musu rai, mi za ta ce? Kai mi za ka ce?" Ba ƙiyayya ce ta sa shi faɗa ba, kin san yadda yake ji da ke. Tambayar da ya yi ita ce ta hana ni magana damina guda. Maganar mutane ba ta dame ni sosai ba, an yi da waɗanda suka fi ni. Abin da ya dame ni shi ne in ce miki je ki, don ina son in ga kin yi murmushi, ya zama na tura ki inda za ki tsaya gaban Allah ba ki da amsa. Na kuma ji tsoron in ce a'a, in sake jan layi a wuyan abin da Allah ya ba ki, ke kuma na san ki, za ki ce to, ki ajiye, ba za ki ƙara tayar da maganar ba har abada.

Shi ya sa kika ga na tafi Gummi watan jiya na ce ziyara ce. Wurin tsohon malamina na je, yanzu ido ya tafi amma kai garau. Muka buɗe littattafan da na karanta a gabansa ina saurayi, ina karantowa yana tsayar da ni. Abin da muka iske na san shi tun da, na dai bar shi ya yi ƙura ne saboda tsanani ya fi sauƙin karewa a majalisa. Malamanmu sun raba tsakanin siffa mai inuwa, wadda aka sassaƙa ko aka gina ta tsaya da kanta, da zane a kan takarda wanda ba shi da inuwa, na biyun ba su kai shi ga haramun ba. Sun kuma yi sauƙi a kan abin wasan yara da abin da ake koya musu da shi. Akwai malaman da suka tsananta a duka, baffanki yana tare da su, kuma ba jahilai ba ne. Ba zan yi miki ƙarya in ce bakin malamai ya zama ɗaya ba. Na dawo na gaya wa baffanki inda na tsaya. Ya ce Allah ya sa mu dace, bai ƙara ba. Har yanzu gaisuwarmu gajera ce, amma za ta warke, jini ba ya tsinkewa a kan wannan.

To ga amsarki, Uwani. Ki zana. Na yarda, da zuciya ɗaya, ba yardar a-rabu-da-ni ba. Ki zana jakunan kasuwar Anka da kurar ruwa a bayansu, da raƙuman da ke shigowa Gummi, da balbela a tsakiyar shanu, dabbobin da yaranmu za su gani su kira sunansu ba sai an yi gardama ba. Ki rubuta maganarsu da Hausa. Ki sa hotuna su isa su ba da labarin ko babu rubutu, saboda akwai irin su Balki da yawa a ƙauyukan nan, waɗanda baƙin rubutu ba ya zama a kansu, har yau ita ba ta haɗa Fatiha da kyau ba, amma ba ta mance hoto. Ki tsaya a takarda, ban da sassaƙa. Lokacin salla ki ajiye alƙalami ko kina tsakiyar kunnen zomo.

Kuma ki saurari wannan da kyau, don shi ne abin da na kasa faɗa da baki. Ke tambaya kika yi, kika jira, ba ki yi gaban kanki ba. Ni na bincika, ni na ba da fatawa. Wanda ya ba da fatawa shi ke ɗauke da nauyinta, haka muka karanta. Na roƙi Allah a sujada, in na yi daidai ya ba ki ladan duk yaron da ya ji sanyi a ransa saboda zanenki. In kuwa na yi kuskure, kada ya tambaye ki, ni ya tambaya. Ki bar wuyan dabbobinki lafiya lau. In akwai alhaki, a wuyana yake.

Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya kare ki daga sharrin mutum da aljan, ya haɗa ki da abokan arziki. Allah ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar nan, ya sa ranar da za ki dawo hutu mu fito tarbarki ba da fargaba ba. Allah ya yi miki albarka, ya yi wa hannunki albarka.

Ni ne,
Babanki.